Ƙorafi kan Ɗakin Sama da Shaidar Aikin Zuhra

Zuwa ga:
Dakta Abdulmuhaimin Lawal,
Shugaban Kwamitin Walwala,
Ƙungiyar Zumuntar Gida ta Moss Side,
Manchester.

Daga:
Sha'aban Bara'u,
Edgbaston, Birmingham.

14 ga Oktoba, 2024

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA MATATA, ZUHRA HABU, SHAIDAR AIKIN GWAJI DA TA YI A ƘUNGIYARKU

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan ƙorafi ne a madadin matata, wadda ta ce ita ba za ta rubuta ba. Na yi haƙuri wata biyar don ganin girmanka, haƙurin kuwa ya ƙare.

1. Kamar yadda ka sani, Zuhra tana digiri na biyu a nan Birmingham, a fannin ba da shawara ga masu fama da shaye-shaye. Ba za a yi mata rajistar aiki ba sai ta kawo shaidar cewa ta zauna da masu neman taimako a ƙarƙashin mai duba aikinta. A watan Satumbar bara kwamitinka ya karɓe ta hannu bibbiyu, har da jawabi. Aka ba ta ɗakin ƙasa mai ƙofa ta baya, wanda mutum zai shiga ya fita ba wanda ya gan shi. Kowace Alhamis sai ta hau jirgi zuwa Manchester. Mutane suna zuwa, Ranka ya daɗe, kuma namu ne. Sunan ko ɗaya bai taɓa fitowa daga bakinta ba, ko da ni da muke kwana ɗaki ɗaya.

2. Ranar 7 ga Maris, 2024, aka mayar da ita ɗakin sama, wai za a ajiye kayan buɗa-baki a na ƙasa. Ɗakin sama akwai darduma, ba a hawa da takalmi. Duk mai zuwa wurinta sai ya tuɓe nasa a gindin matakala, daidai inda masu sallar la'asar suke wucewa. Namu nawa ne a Manchester? Wa bai san takalmin ɗansa ba? Zuhra ta faɗa wa sakatarenka, Malam Rabi'u, tun a ranar. Ya yi dariya, ya ce bayan Sallah za a duba. Wato buhun shinkafa ya samu sutura, mutane ba su samu ba.

3. Cikin azumin nan wani dattijo ya tsaya a gindin matakala, ya daɗe yana kallon wasu fararen takalma, sannan ya ɗauke su ya tafi da su. Mai su, saurayi ne, ya sauko ya tarar babu. Da safa ya taka zuwa tashar bas, cikin ruwan sama. Zuhra tana kallonsa ta taga, ba halin ta kira sunansa a bainar jama'a. Bai sake dawowa ba. A watan Mayu muka zo jana'izar wani saurayi a Manchester, aka ce ciwon zuciya ne. Ni ma da haka na yarda, sai da muka shiga mota na ga fuskar matata. Ba ta ce mini komai ba, har yau kuma ba ta ce ba.

4. Tun daga lokacin, idan na dawo daga aiki na tuɓe takalmi a ƙofa, kafin in juya ta kwashe ta sa a kabad. Na yara ma haka, na baƙi ma haka. 'Yarmu Hajar ta tambaye ni me ya samu Mama. Wani lokaci tana cikin girki sai ta tsaya cak tana saurare, kamar wani yana hawo matakala. Tsoro nake ji, Ranka ya daɗe, ban kuma ji kunyar rubuta shi ba.

5. Ranar 3 ga Yuni aka rufe ɗakin. Da jami'a ta nemi shaidar aikinta, kwamitinka ya amsa cewa ba a taɓa yin irin wannan aiki a ƙungiyar ba, darasin yara kawai ake yi. Na san dalili: ana so a rufa wa iyalin mamacin asiri. Ni ma ina so a rufa. Amma jami'a ba ta tambayi sunan kowa ba, tambayarta ɗaya ce, ta yi aikin ko ba ta yi ba. Wannan amsa taku ta mayar da matata maƙaryaciya, ta kuma share waɗanda suka yi ƙarfin halin hawa matakalar nan kamar ba a taɓa halittarsu ba. Idan shaidar ba ta isa ba kafin 29 ga Nuwamba, shekararta ta tafi a banza, ta kuma riga ta ce ba za ta iya sake wata ba.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi da a aika wa jami'a gaskiyar abin da aka yi, ba tare da sunan kowa ba, a kuma sake buɗe ɗakin ƙasa, don mai duba aikinta ta amince ta ci gaba.

Ina roƙon a hanzarta, ga dalili. Har yanzu Zuhra tana hawa jirgi kowace Alhamis, na hana ta har na gaji. Takan zauna a tashar bas da ke kallon ginin ƙungiya, ko wani zai zo. Ranar 10 ga wannan wata, wata mata ta zo ta zauna a ɗaya gefen bencin. Sun san juna. Ƙa'idar aiki ba ta yarda ɗaliba ta zauna da mai neman taimako ba tare da wuri da mai dubawa ba. Abin da ya rage wa Zuhra shi ne ta miƙa mata lambar asibiti, matar kuwa ta girgiza kai, don da Hausa take son faɗin abin da ke cinta. Suka zauna a nan har bas ta zo. Ba mu sani ba ko matar za ta kai wata Alhamis ɗin.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci.

Naka cikin biyayya,

Sha'aban Bara'u