Muryar Labbo a Bakin Zane

Hajiya Zahra'u, ki taimake ni, bakina ya jawo mini abin da na kasa warwarewa.

Ina da rumfa a kasuwar Jega, ina tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori, ɗan katin nan na cikin waya. Shekara tara ke nan, kuma ba yabon kai ba, mutum na iya zuwa tambayar hanya ya tafi da wa'azi cike da waya. Watan jiya wata dattijuwa, Inna Kaltume daga Kuberi, ta kwance bakin zanenta ta fito da memori naɗe a takarda kamar laya. Muryar mijinta Labbo ce a ciki, yana kiran shanunsa ɗaya-ɗaya da sunansu, ya rasu bara. Kwafi kawai take so, don 'yarta da ke aure a Danwarai ta samu nata.

Na sa a kad-rida, 'yar na'urar karanta memori, kwamfuta ta ɗan tsaya, sai sunayen fayil suka koma wasu haruffan shirme. Na mayar a wayarta, shiru. Kin san ɗan kasuwa ba ya rasa amsa. Nan take na ce gumin zane ne ya cinye shi. Ta ce ashe ita ta kashe muryar da hannunta.

Bayan nan memori uku suka lalace a hannuna, kuma babu wanda ya taɓa kwana a zane. Tukur mai gyara ya duba, ya ce direban kad-ridar ne, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta. Wani na araha na ɗora da na sake saita injin, wato kwamfutar, shi ke rubuta shirme a kan kayan mutane. Sauran ukun waƙoƙi ne, na sake tura musu. Ita kuwa duk ranar kasuwa sai ta kawo mini nono, wai na yi ƙoƙari. Wallahi ba ya wuce mini wuya. In na faɗa, labari ya zaga kasuwa kafin la'asar. In na yi shiru, ga ta tana zargin kanta. Ya zan yi?

Mai Turi, Jega

Mai Turi, ka haɗa abu biyu, bari mu raba su. Lalacewar direba tsautsayi ne, yana samun ƙwararru ma. Maganar gumin zane kuwa kai ka ƙera ta, kuma ita ce ke cin Inna Kaltume.

Ka fara da memorin. Sau da yawa muryar na nan, jerin sunayen fayil ne ya hargitse. Ka aika mata yau kada ta ɗauki hoto ko murya a kansa, kada kuma ta yarda wani ya yi masa fomat, wato ya goge shi tas. Ku kai shi wurin Tukur, a wata kwamfutar da wata kad-ridar, ya fara kwafe shi dungurungum, sannan ya nemi muryar daga kwafin. Ka kuma tambaye ta ko Labbo ya taɓa tura wa wani. Makiyaya na yawan musayar irin wannan a mashaya. Injinka kuma kada ya sake taɓa kayan kowa sai ka cire direban nan, ka ɗora na asali, ka gwada da memorinka na kanka.

Tsoronka na kasuwa ba wasa ba ne, na gane. Amma Tukur ya riga ya sani, kuma gara a ji daga bakinka. Kada ka jira sai muryar ta dawo ka je da gaskiya da albishir tare, don mai yiwuwa ba ta dawo ba. Ka je Kuberi da ƙafarka kafin kasuwa mai zuwa, ka durƙusa, ka ce mata injinka ne, zanenta bai yi komai ba. Ko ba a samo muryar Labbo ba, wannan nauyin kana iya sauke mata shi yau.

Allah Ya jiƙan Labbo, Ya sanyaya zuciyarta, kai kuma Ya sa nonon gaba ya wuce maka wuya lafiya.

Hajiya Zahra'u