Muryar Fanna

Yagana matata, sallama gare ki.

Na san ba za ki karanta wannan ba, amma wa zan ba labarin in ba ke ba?

Ruwan kogin Komadugu ya zo da kyau bana, tattasan ƙanenki a Shetimari ya yi ja. Fanna ɗiyarmu ta kai ki tsawo, kuma i'inarki ta ɗauko sak.

A kan i'inar nan aka so a karya ta. Wani yaro ɗan ajinsu ya ɗauki muryarta da wayar salula tana karatu, ta sarƙe kan kalma ɗaya. Ya sa kiɗa, ya watsa wa 'yan makaranta. Ta daina zuwa kolej, ta daina magana ko da ni. Na ce ta kashe wayarta kawai, abin zai wuce. Sai ta nuna mini saƙonnin zagin da ake turo mata. Yagana, ashe zagin yanzu ba ya tsayawa a ƙofar makaranta? Har cikin ɗaki yake bin yaro, har wurin ɗiban ruwa ana kwaikwayon ta.

Na rufe shagon ɗinki, na tafi wurin darakta, shugaban makarantarsu. Ya tara iyaye, ya kunna muryar gaban kowa. Ba wanda ya yi dariya. Uwar yaron, matar wani soja ce daga yamma, ta rufe fuska da mayafi. Washegari ta kawo shi gidanmu da ƙafarta, ya goge abin, ya roƙi gafara. Ƙawayen Fanna kuma suka riƙa biyo mata da safe, su tafi tare.

Ga albishirin. Ranar rufe makaranta Fanna ce ta nemi ta yi jawabin ajinsu. Ta sarƙe, ta ja numfashi, ta ci gaba har ƙarshe. Da kin ji irin tafin da aka yi mata! Ni, tsohon tela, na yi guɗa kamar mace, mutane suna ta dariya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ranar da na fara zuwa zance gidanku, kin daɗe kafin ki iya fitar da sunana. Kin ji kunya, ni kuwa fata nake kada ki gama. Me ya hana ni faɗa?

Gobe Fanna ce za ta kai amaryar ƙanenki, na ɗinka mata shuɗin leshi.

Allah ya haskaka makwancinki.

Mijinki, Bukar, baban Fanna.