Tsohon da Ya Hau Mini Dandamali

Nguru,
4 ga Maris, 1986

Zuwa ga aminina Ajimi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Fanne da yara, da jama'ar Dapchi baki ɗaya.

Na bar ƙungiyar wasan kwaikwayon malaman Gashuwa. Shugabansu Malam Wakili, mai ɗaura agogon da ba ya tafiya, ya sake ba ni matsayin gawa. A wasan bara ma a gawa na fito. Wai wanda bai gama firamare ba ba zai haddace magana ba. Ni da na koyi karatu a jaridun da ake ƙunshe ƙosai a ciki, na fi shi sanin abin da ke cikin littattafan da yake jerawa don baƙi su gani.

To na rubuta nawa, kuma ni kaɗai zan yi shi. Labarin Bafillace ne da ya zo tashar jirgi zai yanka wa bijiminsa tikiti. Ni ne Bafillacen, ni ne mai tikiti, ni ne bijimin. Ranar kasuwa bayan la'asar zan fara a nan, sannan in kai wa Wakili har gida ya ga gawa na magana.

Naka,
Dunoma

Nguru,
20 ga Maris, 1986

Ajimi,

Ina gaisuwa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

An yi wasa, in wasa za a kira shi. Mutanen nan ba su san dandamali ba, sun ɗauka dandali ne. Na manta ranar kasuwa garin cike yake da Fulani, kuma ka san tsakaninmu Barebari da su, ba ka taɓa su su yi shiru. Ina ɗora malfa na rataya sanda, sai wani tsoho mai suna Hamajoɗa ya miƙe, wai yaushe bawa ya samu izinin sa kayan ubangidansa. Na yi kamar ban ji ba. Sai ya hau kan katakon da na kafa a kan ganguna, ya gyara mini riƙon sanda, ya leƙa zanen fuskata yana tambayar jama'a ko kaza ce ta yi tono a wurin.

Wallahi ban bar shi ba. Na ce wanda ke kwana da maraƙi ba shi da bakin zancen fuska. Ya rama, na rama. Mata har da zama a ƙasa don dariya. Rabin abin da na rubuta ban faɗa ba, bijimin ma bai fito ba. Kuma da aka tashi sunan tsohon ake ta kira, tsohon da bai san alif ba! Wasan mutum ɗaya na ce, ba na mutum ɗaya da makiyayi ba. A Gashuwa ɗaki ne mai ƙofa, zan ga ta inda zai shigo.

Naka,
Dunoma

Gashuwa,
11 ga Afrilu, 1986

Ajimi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni lafiya lau, haushi ne kawai.

Na yi shi daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko kalma ba. Malamai sun jeru a kujeru sun harɗe ƙafa kamar masu jiran allura. Na zagi Fulani son raina, in dakata, in ji shiru. Na yi kukan bijimi, wani ya yi tari. Da na gama suka tafa a hankali, kada tafinsu ya yi zafi. Wakili ya miƙe ya yi jawabin da ya fi wasan tsawo, ya ce na nuna natsuwa, ƙungiya za ta karɓe ni da matsayi mai magana. Na ce ya riƙe kayansa. In wannan ne kallo, gara in yi wa bango.

An ce Hamajoɗa ya yi wajenku da shanu. Ka duba mini shi a kara, wajen cinikin shanu, ranar kasuwa, dogo ne, haƙorinsa na gaba ɗaya ya fita. Kada ka kuskura ka ce ina nemansa, kansa zai kumbura. Ka ce masa Babarbaren nan zai sake hawa katako a Nguru ƙarshen wata, kuma yana ta faɗa a gari cewa tsoro ne ya sa tsohon ya gudu.

A gaida Fanne.

Naka har kullum,
Dunoma