Ranar da Aka Yi wa Glenn Aski

Cobar, 3 ga Maris

Yaya Warwick,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Maureen kuna lafiya. Tunda ka ƙi sa na'urar kunnenka balle ka ɗauki waya, to ga takarda.

An hana ƙaninmu Glenn tallafin masu lalura. Likita Farrugia, wadda take duba shi tun da ya je kashe gobarar daji ya dawo ba yadda ya tafi ba, ta rubuta musu komai: firgitar, rashin barcin, magungunan da aka gwada shekara da shekaru, har da rahoton likitan ƙwaƙwalwa. Duk wannan bai kai nauyin abin da matar ofishin ta gani a zama ɗaya ba. Ka san abin da ta rubuta? "Ya zo tsaf-tsaf da sabon aski da laktaye. Ya ce lafiyarsa lau."

Laktaye, Yaya! Mutumin da sai na yi ta lallashi kafin ya watsa ruwa. Na sa shi a mota zuwa Dubbo da gemunsa buzu-buzu, na ce ka kai shi ofishin kawai. Me ka yi masa?

Yanzu sun ce lafiyayye ne, ya riƙa zuwa neman aiki. Ya kasa fita daga ɗaki, sun tsayar da ɗan abin da suke ba shi, mai gidan haya kuma ya ba shi zuwa ƙarshen Mayu. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Ƙanwarka,
Noelene

Dubbo, 11 ga Maris

Zuwa ga Noelene,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na sami takardarki, na kuma ji zafinta.

Abin da na yi, kowane wa zai yi wa ƙaninsa. Da ya sauko daga mota na ce, "Kai, haka za ka shiga gaban hukuma kamar wanda kare ya tono?" Ya ce, "Ƙyale ni, Yaya." Ban ƙyale shi ba. Na kai shi wurin mai aski, na tsaya a ƙofar banɗaki har ya yi wanka, Maureen ta goge masa rigata. A hanya na ce ya miƙe ƙirji, ban da ƙorafi.

Babanmu ya yi sana'ar aske gashin tumaki har bayansa ya ranƙwafe, ba a taɓa jin ya ce wash ba. Mu 'yan gidan Mulcahy ba ma zuwa wurin baƙo da datti, ba ma kai kukanmu waje. Da matar ta tambaye shi yaya jiki, ya dube ni, ya ce, "Lau, ba laifi." Gaskiya a lokacin na yi alfahari da shi.

Idan ofishin ba su iya karanta rubutun likita ba, wannan laifinsu ne. Ni asiri na rufa masa.

Yayanki,
Warwick

Cobar, 19 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka. Rufin asirin naka ya kusa kwantar da shi a gindin gada.

Na karanta wa Likita Farrugia takardarka. Matar nan mai sanyin hali, sai da ta buga tebur. Ta ce, "In ya je da datti su ce mashayi ne, in ya je da tsabta su ce ƙalau yake. Wai ni me suke so in rubuta, da jini?" Ta ɗaukaka ƙara, za a sake zama ranar 6 ga Mayu a nan Dubbo ɗinku, ita za ta yi magana ta waya. Amma ta ce maganarta sun riga sun ji sun watsar. Wanda ya yi askin suke bukatar ji.

Kuma ka tsallake wani abu a takardarka. Maureen ta faɗa min. Da yammacin ranar da Glenn ya iso gidanku, maƙwabcinku ya kunna wutar gasa nama, hayaƙi ya shigo ta taga. Kun nemi Glenn kun rasa, sai a bahon wanka, da kayansa da takalmansa, ya sakar wa kansa ruwa yana kiran sunan Col, abokinsa da wuta ta cinye a motar kashe gobara. Kai ka ciro shi, kai ka riƙe shi har ya dawo hayyacinsa. Gari ya waye ka ɗaura masa laktaye.

Babanmu bai taɓa cewa wash ba, haka ne. Ka tuna dai yadda muke laɓewa in ya dawo daga mashaya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. Ka je ka faɗa musu zancen bahon, a gabansa. Na san zai ji kamar an tuɓe shi a kasuwa, ni ma abin yana ƙona min rai. Wace irin ƙasa ce mutum zai shiga wuta dominta, sannan sai ɗan'uwansa ya tozarta shi kafin a yarda ba shi da lafiya? Amma in ba haka ba, ɗakinsa zai rasa.

Taka,
Noelene

Dubbo, 27 ga Mayu

Noelene,

Gaisuwa. Na san amsar ta iso muku, sun amince. Ɗakinsa ya tsira.

Na kai shi yadda ya sauko daga mota. Suka ce yaya jiki, ya dube ni, ya ce, "Lau." Na miƙe na ce, "Ƙarya yake yi, ni na koya masa." Na faɗi zancen askin, na faɗi zancen bahon. Wani a cikinsu yana rubutu yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa farashin tumaki. Saura kaɗan in kifar da teburin.

Da muka fito Glenn ya ce, "Har da Col, Yaya?" Ya juya min baya, ya hau motar komawa Cobar.

Na sa na'urar kunnen. Ki faɗa masa, ko zagi ne ya kira, zan ɗauka.

Yayanki,
Warwick