Kansilan Saman Shagon Wanki

Nebraska, ranar Lahadi

Ƙanwata Rosaura,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Yaya su Neto? Ni lafiya lau, tarin nan ma ya yi sauƙi.

Albishirinki! Yayanki ya zama kansila. Na unguwarmu ne ya rasu, aka ce majalisa za ta naɗa wanda zai ƙarasa wa'adinsa. Na nema ne don kawai in ji yadda za su ƙi ni, tunda digirina na lauya bai kai ni ko'ina a ƙasar nan ba sai mayankar shanu. Abokin takarata attajiri ne mai sayar da motoci. Ashe katafaren gidansa na bakin tafki ya fita daga iyakar gari, doka kuwa ta ce sai mazaunin unguwa.

Magajiyar gari ta ce, "Eusebio, har yanzu kana ɗakin nan na saman shagon wanki?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ina zan je?"

Kin ji fa, talaucin da ya hana ni tashi shi ya ba ni kujera. Digirin ko tambayarsa ba su yi ba. Amma ita Mama, ki ce mata karatun ne ya ba ni.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Eusebio