Goran Babana da Ruwan Randar Gwaggo

Salamu alaikum Inna Balki. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki buga sunana. Bara na gama lakwal, wato makarantar boko, ban saba rubuta wa manya wasiƙa ba.

Mu mutanen Guna ne. Da can in damina ta yi nisa, koramar bayan garinmu kan cika ta yi ja, tana gudu tana kwaso itatuwa, har daga gida muna jin rurinta. Babana shi ke ƙetarar da mutane da gora, irin babban nan na masunta. Yakan kwanta a kansa rub da ciki, yana tuƙi da hannu da ƙafa. In masu ƙetarewa sun ƙare, sai ya ɗora ni a bayansa mu bi ruwan. Akwai inda yake matsewa tsakanin duwatsu biyu yana kumfa, goran ya yi sama ya faɗo. Baba ya koya mini kada in yi kokawa da ruwa a wurin, in saki jiki kawai in sa ido ga tsamiyar da ke gaba. Ni da ko gaida baƙo ba na iyawa, a nan ihu nake yi da dariya.

Damina uku ke nan koramar ba ta kawo ba, yanzu rijiya ake haƙawa a tsakiyarta. Baba ya tafi kudu neman aiki. Kafin ya tafi ya kawo ni Damagaram wurin ƙanwarsa Gwaggo Kellu, a Birni, ya ba ni ajiyar goran, ya ce kada in bari ya tsage kafin ya dawo. Wasiƙarsa ɗaya muka samu.

Inna, kin san yadda ruwa yake a garin nan. Mukan wuni a layin famfo mu dawo da tulu ɗaya. Ni kuma duk Juma'a sai in ɗebi moɗa uku a ɓoye daga randa in jiƙa goran a bayan ɗaki, kamar yadda Baba ke yi da rani. In ya jiƙu ƙanshin koramarmu yake yi. Gwaggo ta lura ruwa na raguwa, ta ɗora wa ɗiyarta Ramlatu laifin, har ta dake ta sau biyu ina tsaye ban ce komai ba. In na faɗi gaskiya, ina tsoron ta sa a raba goran a yi masaki, don ta taɓa faɗin haka. In na yi shiru, Ramlatu za ta ci gaba da shan duka, ga shi tabarma ɗaya muke kwana. Yaya zan yi?

Ɗiyar Mai Gora, Birni

Ɗiyata, wa alaikumus salam. Riƙe ajiyar uba abu ne mai kyau, kuma na gane ba gora kaɗai kike jiƙawa ba. Amma ki yi wa Gwaggonki adalci. A bana moɗa uku shan mutum ne na wuni guda, ita kuma gida take tsarewa. Babban laifinki shirun da kika yi ana dukan Ramlatu, kuma babanki ba zai yarda a riƙe masa gora ta wannan hanya ba.

Ki fara da Ramlatu, yau. Ki nemi gafararta, sannan ku je wurin Gwaggo tare bayan an ci abinci. In bakinki ya ƙi buɗewa, karanta mata wasiƙar nan taki. Za ta yi faɗa, ki jure.

Sannan ki roƙe ta abu guda. Goran masunta ai yana da baki. Ki wanke cikinsa, ki ɗora shi kan gammo a inuwa kusa da randa, a riƙa zuba ruwan gida a ciki. Kullum zai kasance a jiƙe, kuma ruwan na nan don sha. Ba na jin mace za ta sa wuƙa ga abin da ke riƙe mata ruwa a wannan shekara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da babanki lafiya, ya tarar da goransa ba tsaga. In korama ta kawo, ki ce ya fara ɗora Ramlatu.

Inna Balki