Allurar da aka yi wa bajiminka

Zuwa ga yayana Halidu, a Tamanrasset.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a baƙon wuri. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana zuwa rijiya. Ni ma na dawo Dakoro da dipilom ɗina na likitan dabbobi.

Yaya, jan bajimin da ka bar wa Kawu Mamani kiwo ya mutu, kuma ina so ka ji yadda aka yi daga bakina. Ka san halinsa na tunkuyi. Kawu ya yi niyyar sayar da shi, ya so masu saye su gan shi da ladabi, sai ya samo allurar da ake kwantar da doki da ita, ya zo yana tambayata yawan da za a yi. Na ce kada a yi. Na gaya mishi a labo, ɗakin gwajinmu na makaranta, na yi wa zomaye irinta, na auna jininsu: sukari ya hau, awon hanta da na ƙoda duk sun canza. Na ce shanu sun fi doki jin ta kusan ninki goma, kuma tana tsayar da tumbi. Ya yi dariya, ya ce wa mutanen zaure likitar zomaye ta zo koya mishi shanu.

Ya yi wa bajimin awon doki cikakke. Kafin a kai kasuwa bajimin ya durƙushe, yawu na zuba, ciki ya kumbura. Suka yi ta dukansa da sanda wai ƙiwa ce. Da suka ga zai tafi, suka yanka. Na roƙa kada a ci naman saboda maganin na cikinsa, Kawu ya rarraba shi, ya aiko mana da hanta, ya ce a soya mini tunda ni na san ta. A masallaci kuwa ya faɗa cewa ni na ba shi awon. Yanzu mata kan janye awakinsu idan na wuce.

Saura saniyarka mai ciki. Ita ma tana harbi, Kawu ya ce zai yi mata rabin awon ya kai ta kasuwa. Rabin ma ya yi mata yawa, kuma allurar tana zubar da ciki idan ya tsufa. Ban tabbata za ta mutu ba, amma ɗan ba na jin zai tsira. Na nemi a mayar da ita wurin Intalla makiyayi a Birnin Lalle, ya ce sai mai dukiya ya yi magana. Wayarka ba ta shiga. Kawu kuma ya ce in kasuwa ta ci bai ji daga gare ka ba, shirunka izini ne. Direban da zan ba takardar nan kuwa ya ce bai san ranar da zai isa wurinka ba.

Inna tana gaishe ka, da yayarmu Maraya da yaranta. Ka gaishe mini da Isufu abokin zamanka. Ka kira Kawu kafin ka ajiye takardar nan.

Ƙanwarka,
Rahinatu